BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: JADAWALIN ZAƁEN MAJALISAR TARAYYA DA DARASIN ZAMFARA TA YAMMA



A fitowarmu ta wannan wata mun ga ya dace mu jawo hankalin jama'armu na Anka da Gummi da Bukkuyum, da ma sauran Zamfara ta Yamma baki ɗaya, zuwa ga wata mas'ala wadda galibin mutane suka ɗauka aikin lauyoyi ne da ma'aikatan hukumar zaɓe, alhali kuwa babu wanda ta fi shafa kamar talakan da ke tsayawa cikin rana riƙe da katinsa. Mas'alar ita ce jadawalin da doka ta shimfiɗa domin gudanar da zaɓen Majalisar Tarayya, wato Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai. Da yawa daga cikinmu suna zaton zaɓe yini ɗaya ne, a fita da safe, a dangwala yatsa, a koma gida a kasa kunne ga rediyo. Haƙiƙanin al'amari kuwa, wannan yini shi ne na ƙarshe a jerin wasu ranaku masu yawa da doka ta ƙayyade, kuma idan aka tsallake ɗaya daga cikinsu, ƙuri'ar da aka jefa a ƙarshe tana iya tashi a banza. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labari, domin a kansu abin ya auku a shekarar 2019.

Tushen jadawalin yana cikin Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 64 ya yanke wa kowace majalisa shekara huɗu, ana fara ƙirga daga ranar da ta yi zamanta na farko, kuma da zarar wa'adin ya cika majalisar ta rushe da kanta, ba tare da jiran umurnin kowa ba. Ƙofa ɗaya tak aka bari ta ƙarin lokaci, ita ce idan ƙasa tana cikin yaƙin da ya taɓa yankinta, shugaban ƙasa kuma ya ga zaɓe ba zai yiwu ba. Ko a wannan hali ma, ƙarin da majalisar za ta yi wa kanta ba zai wuce wata shida a karo ɗaya ba. Sashe na 76 kuma ya damƙa wa hukumar zaɓe ta INEC ikon sa rana, amma ya yi mata shinge gaba da baya. Ba ta da damar yin zaɓen tun ana saura fiye da kwana 150 majalisar ta rushe, haka nan ba ta da damar jinkirta shi har ya rage ƙasa da kwana 30. Da can, kamar yadda aka rubuta Tsarin Mulkin tun farko, kwana 60 na ƙarshe kawai aka ware, sai gyaran da aka yi a 2010 ya faɗaɗa lokacin, domin a sami sararin sake zaɓe inda aka sami matsala, a kuma fara sauraren ƙararraki kafin rantsuwa.

Wannan lissafi ne da ɗalibin firamare zai iya yi da alƙalaminsa. Majalisa ta goma ta yi zamanta na farko ranar 13 ga Yuni, 2023, saboda haka wa'adinta yana cika a tsakiyar Yuni na 2027. Idan aka koma baya da kwana 150 za a sauka a tsakiyar Janairu, idan kuma aka koma da kwana 30 za a sauka a tsakiyar Mayu. Da yake an saba haɗa zaɓen majalisa da na shugaban ƙasa a rana ɗaya, shi kuwa shugaban ƙasa wa'adinsa yana ƙarewa ranar 29 ga Mayu, sai ƙofar ta ƙara tsukewa ta rufe a ƙarshen Afrilu. A cikin wannan fili ne kawai hukuma take da 'yancin motsi, duk wani zance na matso da zaɓe ko tura shi gaba da wannan kuwa sai an taɓa Tsarin Mulki kansa.

A ƙarƙashin Tsarin Mulki akwai Dokar Zaɓe, wadda ita ce ke rarraba sauran ranakun, kuma alƙalumanta sukan canza duk lokacin da majalisa ta sake ta. Dokar 2010 ta wajabta wa hukuma ta ba da sanarwar zaɓe ana saura aƙalla kwana 90, jam'iyyu kuma su miƙa sunayen 'yan takararsu ana saura kwana 60. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, wadda da ita aka yi zaɓen 2023, ta mai da sanarwar kwana 360, miƙa sunaye kwana 180, fara yaƙin neman zaɓe kwana 150, ta kuma ce a sakar wa hukuma kuɗinta shekara guda kafin zaɓe. Domin a ga yadda waɗannan alƙaluma suke da ƙarfi, hukumar ta riga ta sa ranar 18 ga Fabrairu, 2023, amma da aka sa hannu a dokar sai ya zamana kwana 360 ba za su cika ba, dole ta matsa zuwa 25 ga wata. Haka kuma a watan Fabrairu na 2026, da hukumar ta sa ranar 20 ga Fabrairu, 2027, Musulmi suka nuna cewa ranar ta faɗa cikin watan Ramadan. Hukumar ba ta iya matso da ita ba sai da sabuwar dokar da aka sa wa hannu a wannan wata ta rage kwanakin sanarwa zuwa 300, sa'an nan ta mayar da zaɓen shugaban ƙasa da na Majalisar Tarayya ranar 16 ga Janairu, 2027. Koke ya yi amfani a nan saboda an yi shi da wuri, kuma ta ƙofar da doka ta tanada.

To, mu dawo gida mu tuna abin da ya faru. Tun a watan Janairu na 2018 hukumar zaɓe ta fitar da cikakken jadawalin zaɓen 2019, ta ba kowace jam'iyya daga 18 ga Agusta zuwa 7 ga Oktoba, 2018, ta kammala zaɓen fid da gwani tare da warware rigingimun da suka biyo bayansa. Kwana 50 da ɗoriya ke nan, kuma an sanar da su wata bakwai kafin su zo. A Zamfara, jam'iyyar APC mai mulki a lokacin ta rabu gida biyu, ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da ɓangaren masu neman takara su takwas da aka fi sani da G8, wanda Sanata Kabiru Marafa yake cikin jagororinsa. An fara zaɓen fid da gwani a farkon Oktoba, hatsaniya ta tashi, kwamitin da uwar jam'iyya ta turo ya soke shi. Aka yi ta kai da kawowa a Gusau har daren 7 ga wata ya wuce. Ranar 9 ga Oktoba hukumar ta rubuta wa jam'iyyar cewa jami'anta ba su shaida wani zaɓen fid da gwani ba, don haka ba ta sa ran karɓar sunan ko mutum ɗaya daga Zamfara.

Daga nan al'amari ya koma hannun alƙalai. A rana ɗaya, 25 ga Janairu, 2019, Babbar Kotun Jiha da ke Gusau ta ce an yi zaɓen fid da gwani, ita kuwa Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce hukuma tana kan daidai da ta ƙi karɓar sunayen. Ana saura kwana biyu a jefa ƙuri'a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Abuja ta jingine hukuncin kotun tarayya, hukumar ta mayar da jam'iyyar cikin masu takara. Ranar 23 ga Fabrairu jama'a suka fito, daga Bagega da Wuya, daga Adabka da Gwashi, daga Daki Takwas, wasunsu sun ratso hanyoyin da kowa ya san haɗarinsu a wancan lokaci, suka jefa ƙuri'a, aka sanar da sakamako, jam'iyyar ta lashe kujerun jihar. Ranar 25 ga Maris Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta rushe hukuncin kotun Gusau. Ranar 24 ga Mayu kuma Kotun Ƙoli, da bakin alƙalai biyar, ta tabbatar da cewa jam'iyyar ba ta yi halastaccen zaɓen fid da gwani ba, saboda haka a idon doka ba ta da ɗan takara, ƙuri'un da aka jefa mata kuwa asararru ne.

Kujeru 36 suka sauya hannu a sanadiyyar wannan hukunci: gwamna da mataimakinsa, sanatoci 3, 'yan Majalisar Wakilai 7, da 'yan majalisar jiha 24. A Zamfara ta Yamma, mai ƙananan hukumomi shida, wato Anka, Bakura, Bukkuyum, Gummi, Maradun da Talata Mafara, Abdul'aziz Yari ne aka sanar ya ci kujerar sanata, amma wanda ya shiga majalisa da aka buɗe ta ranar 11 ga Yuni, 2019, shi ne Lawal Hassan Anka na jam'iyyar PDP, wanda ya zo na biyu. Haka abin ya kasance a mazaɓar Anka da Talata Mafara, da ta Gummi da Bukkuyum, da ta Bakura da Maradun. An koma Kotun Ƙoli ana roƙon ta sake duba hukuncinta, a watan Maris na 2020 ta ƙi. Shekara huɗu cur na wakilcin jiha guda, abin da ya yanke su shi ne ranar 7 ga Oktoba, 2018, ranar da mafi yawan masu jefa ƙuri'a ba su ma san da ita ba.

Wannan shafi ba ya tare da wata jam'iyya, kuma ba mu kawo wannan tarihi domin mu yabi wanda ya shiga ko mu yi wa wanda ya fita dariya ba. Mun san akwai masu cewa, kuma maganarsu abin saurare ce, wane irin adalci ne a ɗauki zaɓin dubban ɗaruruwan mutane a zubar saboda laifin da ba su suka aikata ba? Manomin Gwashi bai hana a yi zaɓen fid da gwani ba, bai san abin da aka ƙulla a Gusau ko a Abuja ba, ya ga alamar jam'iyya a takarda ya dangwala. Lalle an cuce shi. Sai dai wajibi ne a tambaya, wa ya cuce shi? Doka ta faɗi ranar tun da wuri, ta faɗa wa kowa daidai, sauran jam'iyyu kuma sun cika. Da an ɗaga wa jam'iyya mai mulki ƙafa don girmanta, da an kafa sunnar da babu mai iya tsayar da ita, gobe duk mai ƙarfi sai ya bar wa'adi ya wuce, ya zauna a ɗaki ya rubuta sunayen yaransa, ya ce jama'a ai sun zaɓa. Wa'adin zaɓen fid da gwani garkuwa ce ga ƙaramin ɗan jam'iyya, domin shi ne ke tilasta wa manya su fito fili a rana sananniya, a gaban shaidu. Alhakin ƙuri'un da suka salwanta yana wuyan shugabannin da aka ba amanar kwana 50 suka ƙarar da su wajen ja-in-ja.

Duk da haka, ba za mu wanke tsarin shari'ar tas ba. Rigimar da ta taso a watan Oktoba ba a yanke ta ba sai ƙarshen Mayu, wata uku bayan an jefa ƙuri'a, ana saura kwana biyar a rantsar da gwamna. Da an gama ta kafin 23 ga Fabrairu, da mai zaɓe ya san waɗanda ke gabansa na haƙiƙa, ya zaɓi wanda ya kwanta masa a cikinsu, ƙuri'arsa ta yi aiki. Sashe na 285 na Tsarin Mulki ya ba mai ƙorafi kan abin da ya faru kafin zaɓe kwana 14 ya shigar da ƙara, ya ba kotun farko kwana 180, kowane matakin ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Idan aka tara 180 da 60 da 60 an sami kwana 300, ban da kwanakin shigar da takardu. Ko a ƙarƙashin dokar 2022, da ta sa a miƙa sunaye ana saura kwana 180, lissafin bai haɗu ba. Matuƙar wa'adin kotu ya fi tazarar da ke tsakanin fid da gwani da ranar zaɓe tsawo, abin da ya sami Zamfara yana iya samun kowace jiha, kuma wannan giɓi ne da 'yan majalisa kaɗai ke da ikon toshewa.

Bayan jam'iyyu da kotuna, ita ma hukumar zaɓe tana da nata kason. Sau uku a jere aka ɗage zaɓen Majalisar Tarayya. A 2011 an riga an fara tantance masu zaɓe ranar 2 ga Afrilu sai aka dakatar saboda takardun sakamako ba su iso ba, aka koma 9 ga wata. A 2015 an ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, mako shida, bisa hujjar yaƙi da Boko Haram. A 2019 kuwa cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna ranar 16 ga Fabrairu, aka ce sai 23 ga wata. Duka ukun ba su fita daga shingen Tsarin Mulki ba, amma halaccinsu bai rage wa talaka hasara ba. Ɗan Gummi da ke neman abinci a Legas ko Fatakwal, wanda ya rufe sana'arsa ya biya kuɗin mota ya taho gida, ba lalle ne ya iya zaman mako guda ko ya sake dawowa ba. A 2023 an yi zaɓen a ranar da aka sa, sai dai wasu kujeru, har da ta Sanatan Zamfara ta Tsakiya, ba a kammala su ba sai 15 ga Afrilu. Wannan ya nuna hikimar sa rana tun a farkon filin da doka ta bayar, domin a bar sarari ga abin da ka iya tasowa.

Wanda ya ga waɗannan kurakurai har ya fara raina jadawalin kansa, to ya tuna zamanin da babu shi. A mulkin Janar Ibrahim Babangida an yi alkawarin miƙa mulki a 1990, aka mayar 1992, aka mayar Janairu na 1993, aka sake mayarwa Agusta. Majalisar da aka zaɓa ranar 4 ga Yuli, 1992, sai a watan Disamba aka buɗe ta, kuma Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamba na 1993. Wadda aka zaɓa ranar 25 ga Afrilu, 1998, ko zama ɗaya ba ta yi ba. A maƙwabciyarmu Nijar, Shugaba Mamadou Tandja ya rushe majalisa a 2009 domin neman tazarce, abin ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu, 2010. Duk inda ranar zaɓe ta koma aljihun mai mulki, jama'a ba su da ranar da za su tambaye shi abin da ya yi da amanarsu. Tun daga 1999 zuwa 2023 an zaɓi Majalisar Tarayya sau bakwai, kowace bayan shekara huɗu, kuma wannan ni'ima ce da bai kamata a yi wasa da ita ba, musamman ga yankin da ya binne yara fiye da 400 sakamakon gubar dalma a 2010, ya kuma ga ƙauyuka sun watse saboda 'yan bindiga. Irin wannan yanki ya fi kowa bukatar wakilin da ya san cewa ƙuri'ar jama'a ce ta kai shi Abuja, kuma akwai ranar da zai dawo gabansu.

Saboda haka nasiharmu ta farko ga 'yan'uwa ita ce, duk lokacin da hukuma ta fitar da jadawali, a nemo shi, a karanta shi, a fassara wa wanda ba ya karatun boko. Ranar da ta fi kusa da talaka a cikinsa ita ce ranar rufe rajista. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, an rufe rajista tun 31 ga Yuli, 2022, kusan wata bakwai kafin ranar. Matashin da ya cika shekara 18 bai je ba, da wanda katinsa ya ƙone ko ya ɓata, da wanda rashin tsaro ya raba da ƙauyensa ya dawo cikin garin Anka bai nemi a sauya masa rumfa ba, kowannensu ya jefa ƙuri'arsa cikin haɗari tun damina, ko da kuwa ya fi kowa sammako ranar zaɓe. Malamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata su ɗauki tunatar da mutane wannan rana a matsayin hidima ga al'umma.

Ta biyu, ga waɗanda ke cikin jam'iyyu, kowace iri ce. Ku tambayi shugabanninku tun da sauran lokaci: yaushe ne zaɓen fid da gwani, ta wace hanya za a yi shi, an ba hukuma sanarwar da doka ta ce, jami'anta za su halarta? Idan ana saura mako guda wa'adi ya cika ba ku ji amsa ba, ku sani ana wasa da haƙƙinku. Mai ƙorafi kuma ya tuna kwana 14 ne gare shi kafin zaɓe, bayan sanar da sakamako kuwa kwana 21, wanda ya wuce haka ko da gaskiyarsa kotu ba za ta saurare shi ba.

Ta uku, ga hukuma da gwamnati. A saki kuɗin zaɓe a kan lokaci, a kai kaya ƙananan hukumomi tun da wuri, a kuma bayyana wa jama'a tun kafin ranar inda mutanen ƙauyukan da suka tashi za su jefa ƙuri'a, kada a bar su cikin jita-jita har wayewar gari. Ta huɗu, ga sanatanmu da wakilanmu: ku ne 'ya'yan jihar da ta fi kowace ɗanɗana ɗacin wannan giɓi, ya kamata a ji muryarku a gaba wajen neman a daidaita wa'adin kotu da jadawalin zaɓe, ta yadda duk rigimar takara za ta mutu kafin a buga takardar ƙuri'a.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Larabar zaɓe ita ce ranar rajista da ranar fid da gwani da ranar miƙa sunaye, kuma a 2018 mun yi barci a cikinta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, balle wanda abin ya faru a kansa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu cika alkawari, Ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu dace.